Lasifikar Cikin Gida

A Kalgo, in aka ambaci shagon Abdulgani mai gyaran rediyo, musu ne ke fara zuwa ran mutane. Kullum da yamma shi da abokansa biyu, Ɗahiru direba da Sule na ofishin gona, sukan baje a kan benci su ɗauko zancen da suka fara tun suna samari a Birnin Kebbi: a cikin waƙoƙin disko na da, wacce ce ta ɗaya, wacce ke bi mata. A lokacin yayin disko ya riga ya wuce, samari sun koma kan wasu kaɗe-kaɗen, amma su ukun nan ba su gusa ba. Turancinsu bai kai su riƙe sunayen waƙoƙin ba, sai suka raɗa musu nasu. Akwai Mai Tari, wadda mawaƙin ke gyaran murya kafin ganga ta shigo. Akwai Doguwa, mai cinye rabin gefen kaset ita kaɗai. Akwai Ta Gidan Mai, don a gidan mai suka fara jin ta. Sai kuma Mai Goge, wadda wani abin kiɗa ke kuka a cikinta kamar goge. Ita ce ta Abdulgani, bai taɓa yarda a sa wata a gabanta ba.

Hajjo, matar Abdulgani, ta san su duka ta bayan katanga, don shagon a jikin gidansu yake. A Diggi ta tashi, gidan noma, ba ta yi boko ba, amma kunnenta ya saba. Ita ma tana da tata a zuci, Ta Gidan Mai, saboda bugunta ya yi daidai da saukar taɓarya in tana daka. Ba wanda ya taɓa tambayar ta, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Abu ɗaya ne ke tsaya mata a rai. Duk lokacin da aka sa Mai Goge, Abdulgani kan yi shiru ya kafa wa ƙasa ido har ta ƙare. Ta taɓa tambayar sa me ake cewa a ciki, ya ce shi ma bai sani ba, ya kawo wani zance.

A shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro jihar Kebbi, gwaggon Hajjo, wadda kowa ke kira Inno, ta sauke farali ta dawo lafiya. Ɗanta Malam Atiku ya shirya mata walima a gidansu na Gwandu, da wa'azi bayan la'asar. Ya aiko wa Abdulgani ya zo da kayan maganarsa da janareta, tunda shi ke ba da hayarsu in ana taro. Ɗahiru ya ɗauke su a akori-kurarsa, Sule ya bi su don ya taya ɗaukar kaya.

Lasifika biyu Abdulgani ya kawo, ɗaya ta maza a ƙofar gida, ɗaya ta cikin gida don mata su ji wa'azi. Da yake namiji ba ya shiga, Hajjo ya miƙa wa ta cikin. Ta rataye ta a reshen dogon yaron da ke tsakar gida. Wayar ba ta kai ba, sai ya ƙaro mata wata, ya nuna mata yadda za ta murɗe bakunan biyu a inda suka haɗu, daidai jikin katangar madafa.

"Kada ki haɗa sai an yi la'asar," in ji shi.

Ta ce to. Amma da ta shiga ta ga tulin aikin da ke jiran ta, ta san zuwa la'asar hannunta duk mai ne da tattasai, tana iya mantawa ma. Sai ta murɗe wayoyin a lokacin, ta zauna a kujera 'yar tsugunno kusa da su ta kama yankan albasa.

Mai kula da tukwane ita ce Ruƙayyatu, matar Malam Atiku, ɗiyar garin Malisa, malama a wata firamare a cikin gari. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Inno ba ta taɓa son fitar da take yi zuwa makaranta ba, ɗanta ne ya tsaya, ta haƙura ba don ranta ya so ba. Hajjo kuwa tana ganin girman Ruƙayyatu ƙwarai. Lokacin da ta sha wahalar haihuwar ɗiyarta Ladi, Ruƙayyatu ce ta baro Gwandu ta zo Kalgo ta zauna da ita har ta iya tashi.

Bayan azahar gida ya cika da mata. Inno na zaune a kan darduma ƙarƙashin rumfa, sabon haƙorin Makka na walƙiya, tana raba dabino da zamzam a ɗan kofi. Maza sun tafi tarbo malamin da zai yi wa'azi. A waje aka ji janareta ta tashi da ruri. Lasifikar da ke bisa itace ta yi ƙara sau ɗaya, ta yi shiru, sannan muryar Ɗahiru ta sauko a kan mata, tangaran kamar yana tsaye a tsakiyarsu.

"To, tunda malamai ba su iso ba, mu ƙarasa zancen jiya. Ni dai Mai Tari ce ta ɗaya."

Hajjo ta gane abin da ya faru nan take. Abdulgani ya kunna injin don ya gwada shi, ya ajiye makirufo a kan benci, bai haɗa lasifikar waje ba tukuna, kuma yana zaton ta ciki ma ba a haɗe take ba. Ga janareta na ruri a gefensu, ba yadda za su ji muryarsu na fita.

"Mi ke cikin Mai Tari ban da tari?" Muryar Sule ce. "Ka saurari Doguwa. Wanga bugu na ƙasa da ke tahiya kamar injin niƙa, ba ya gajiya, ba ya tuntuɓe. Sai ka zaci ta ƙare, ta sake ɗaukowa daga tushe."

"Shi ya sa nike barci in anka sa ta. Mai Tari kau, ita ta kai ni Yawuri daga Jega da lodin albasa ban yi gyangyaɗi ba. Inda matan nan ke amsa mishi, ji nan." Ɗahiru ya kama kwaikwayon amshin da siririyar murya, yana buga benci da tafin hannu.

Mata suka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Wanga shi ne wa'azin?" Aka ƙara tuntsirewa. Inno ta ɗaga kai ta dubi itacen, ta tambayi su wa ke nan. Aka ce mata mutanen Kalgo ne. Ba ta yi dariya ba, ta dai ci gaba da rabon dabino.

Hajjo ta ji kunya ta kama ta, ta ajiye wuƙa ta miƙa hannu ga wayar. Wata maƙwabciya ta dafa mata kafaɗa tana share hawayen dariya.

"Bari mu ji wadda za ta ci, don Allah."

Ta bari. A lokacin abin wasa ne, ba wanda yake cutarwa. Suka ji an sa Doguwa ta huɗu bisa rinjaye, Sule na rantsuwa an zalunce shi. Suka ji an tsaya a kan Ta Gidan Mai, Ɗahiru ya ce ƙahonnin da ake busawa a tsakiyarta sun isa su ba ta ta biyu, Abdulgani ya ce bugunta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ta uku ma alfarma anka yi mata. Har Ruƙayyatu ta ɗan murmusa tana juya miya.

Sai Ɗahiru ya ce, "Saura biyu. Kai Abdulgani, shekara da shekaru kana ɗora muna Mai Goge bisa kai. Gangarta ba nauyi. Ko rawa ba a yi da ita."

"An yi rawa da ita."

"Wa ya yi?"

"Ni."

Dariyar mazan ta cika tsakar gida. Hannun Hajjo yana kan wayar, yatsunta biyu riƙe da inda ta murɗe. Ja ɗaya ya isa.

"Ku ba ku nan," in ji Abdulgani, muryarsa ta sauka, ta yi wani laushi da Hajjo ba ta san shi da shi ba. "Kai kana bisa hanya, Sule shina Sakkwato. Anka yi liyafar ƙarshen shekara a Birnin Kebbi, 'yan matan makarantar horon malamai sunka zo. Da anka sa Mai Goge kowa ya ja baya, ba su san yadda za su taka ta ba. Sai wata ta tuɓe takalmi ta shigo hili. Ta miƙo min hannu. Har waƙar ta ƙare hannunta na cikin nawa. Ni tun daga ranar ban sake jin kiɗa irin wanga ba."

Dariyar mata ta fara raguwa. Wasu suka saci kallon Hajjo. Ta san ya kamata ta ja wayar, ta san duk abin da zai biyo baya ba na kunnen taro ba ne. Amma shekarun nan duka tana kallon mijinta yana kafa wa ƙasa ido, ga amsar ta zo har bakin kunnenta. Ta ce a ranta, kalma ɗaya dai, in ji sunan, sannan in ja.

"Tana raye?" in ji Sule.

"Tana bayan wagga katanga."

"Kai, ba dai Hajjo ba?"

"Hajjo? Allah Shi ba ta lada, mace ce ta gari. Amma ko yin tahi ba ta iya bisa kiɗa ba."

"To wa?"

"Ku rufa min asiri. Ruƙayya. Matar Malam Atiku."

Hajjo ta fizge wayar. Lasifikar ta yi ƙit ta mutu.

Ba abin da ake ji sai rurin janareta daga waje da tafasar tukunya. Ruƙayyatu na tsaye da ludayi a hannu. Ba ta dubi kowa ba. Ta ƙarasa zuba miyar da ta ɗebo a kan tuwo, ta rufe kwanon, ta jawo na gaba. Inno ta rufe robar dabino, ta miƙe a hankali, ta naɗe dardumarta da kanta duk da mata biyu sun yunƙura su karɓa, ta shige ɗaki ta saki labule.

Ba a sake haɗa wayar ba. Da aka fara wa'azi Abdulgani ya lura ba ya jin amon ta ciki, ya zo bakin zaure ya sa aka kira masa Hajjo.

"Kin manta ba ki haɗa ba?"

"Na haɗa tun da hantsi," in ji ta. "An ji."

"An ji mi?"

Ta dube shi kawai. Ta ga lokacin da maganar ta isa gare shi. Bakinsa ya buɗe, ya dafa bango, ya dubi ƙofar cikin gida, ya dubi hanya. Ya juya ya koma wajen injinsa ya zauna kansa a ƙasa har aka shafa fatiha.

Kafin su gama ɗaure kaya a mota magana ta riga ta fito waje, don kowace mace da mijinta. Malam Atiku ya zo ya yi musu sallama kamar yadda aka saba, ya yi godiya, amma bai ba Abdulgani hannu ba. Daga Gwandu har Kalgo Ɗahiru bai ko taɓa rikodar motar ba.

Ba a daɗe ba labari ya iso. An ce Ruƙayyatu ta tafi gida Malisa ta huta. Kowa ya san ma'anar hutun. An ce Inno ta rantse ba ta zama inuwa ɗaya da matar da aka kira sunanta a lasifika ranar walimar Hajjinta, kuma dama ta faɗa tun farko, ga abin da boko ke koya wa mata. Makaranta ma an sa wani a ajinta.

A Kalgo bencin ƙofar shago ya zama fayau. Abdulgani kan fita da sassafe, ya dawo ya ci abinci bai ɗaga kai ba. Sau biyu ya fara ba Hajjo haƙuri a kan abin da ya faɗa game da ita, ta ce ya bari. Shi yana zaton fushi take yi. Fushin yana nan, amma ba shi ke hana ta sakewa ba. In ta zauna ita kaɗai, yatsunta biyu take tunawa a kan wayar. Duk matan da ke wurin sun ga laifin Abdulgani, wasu ma sun tausaya mata. Ita kaɗai ta san tsawon lokacin da ta yi tana riƙe da abin da zai ceci matar da ta yi jinyarta, ta ƙi ja.

Da damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, ta ce wa Abdulgani za ta Malisa. Bai tambaye ta dalili ba. Ta ƙulle bandar kifi a tsumma, ta goya ƙaramin ɗanta, ta shiga mota.

Ta tarar da Ruƙayyatu a tsakar gidan iyayenta tana tsinkar rama. Ta rame kaɗan. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi ruwa da shuka. Da gaisuwa ta ƙare Hajjo ta rasa ta inda za ta fara, sai ta jawo rama ita ma ta kama tsinka.

Ruƙayyatu ce ta fara. "Kin zo ki ji ko gaskiya ne."

"A'a, Malama. Na zo in ba ki haƙuri."

"Ki ji dai, tunda kin zo. Na yi rawa, ban musu ba. Ɗiya ce ni a lokacin, mu da yawa munka shiga hili, mata zalla, muna zagaye. Takalmin ma gaskiya ne, na aro ne, ya matse ni na tuɓe. Amma mijinki ko kusa da ni bai zo ba. Shi anka ɗauko shi kula da kiɗan. Shina zaune bayan tebur shina juya kaset, da 'yar hularshi. Ban san sunanshi ba sai ranar bikinku, na ce a raina, ashe wanga yaro ne."

Hajjo ta tsaya da ganye a hannu. Duk hanya ta shirya wa jin cewa sun so juna. Wannan kuwa ba ta shirya masa ba. Wata kunyar ta daban ta rufe ta, ta mijin da ya gina abu a kansa shekara da shekaru, ya rushe gidan mutane da abin da ba a ma yi ba.

"Yaya Atiku ya san haka?"

"Rawar ya sani tun kahin aure, ni na gaya mishi. Hannun namiji ne bai sani ba. Ya tambaye ni, na ce ƙarya ce. Ya ce ya yarda." Ta jefa kara a gefe. "Bakinshi ya yarda. In ya zo nan gaishe ni, katanga yake kallo."

Kaji na tsattsagar karan ramar da suke zubarwa.

"Hajjo, na ga hannunki bisa wayar."

Hajjo ta so ta ce maƙwabciya ce ta hana ta, ta so ta ce ruɗewa ta yi. Da ta buɗe baki sai ta ji ta ce, "So na yi in ji ko wace ce."

"Na sani. Na gani a huskarki."

"Ban zaci ke ce ba."

"In da wata ce, da ba komi ke nan?"

Hawaye suka zubo wa Hajjo, ta bar su, don ko sharewa ta ga ba ta da bakin yi. Ruƙayyatu ba ta rarrashe ta ba. Ta gama tsinkar ramar, ta wanke, ta ɗora a wuta. Da ta dahu ta kwaɗa da ƙuli, ta turo mata kwano.

"Ba ni ce miki na yahe yau ba, don ƙarya zan yi. Amma ki ci, kin yi tahiya, ga goyo."

Hajjo ta dawo Kalgo kafin magariba. Ta tarar da Abdulgani a shago shi kaɗai, ya buɗe cikin wata rediyo yana kallo ba ya taɓa komai. Ba ta saba shiga shagon ba, ranar ta shiga ta tsaya a kansa.

"Ta ce kana bayan tebur kana juya kaset."

Ya ajiye sukundireba.

"Haka ne."

"To don mi?"

"Ban sani ba, Hajjo. Na gan ta tana rawa, na so in tashi, ƙafata ta ƙi. Da na koma gida na riƙa cewa da na tashi da kaza ya faru. Tun ina faɗa wa kaina da na yi, har na koma faɗa wa kaina na yi. Ranar nan sunka yi min dariya, sai kawai ta hito."

Ta dube shi, mutum da furfura ta fara tsiro masa a gemu, ya ƙanƙance a kan kujera. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushin tausayin.

"Sai ka tahi Gwandu ka faɗa musu."

"In ce musu mi? In ce ni maƙaryaci ne? Da wane ido zan sake duban mutane?"

"Da irin wanda ita take duban su da shi yanzu. Ni ma zan bi ka, ina da tawa da zan faɗa wa Inno."

Abdulgani ya yi kwanaki yana kewaye maganar, ya ce mota, ya ce aiki, ya ce a bari hankali ya kwanta. Hajjo ba ta sake tayar da zancen ba, ta dai daina zama in ya shigo cin abinci. Wata Juma'a da safe ta ji shi yana cewa Ɗahiru ya kira Sule, tunda a gabansu ya faɗa, a gabansu zai janye.

A zauren gidan Malam Atiku aka zauna, da shi da baffanninsa biyu. Hajjo na daga ciki, jikin ƙofar, tana jin komai. Abdulgani ya fara da murya ƙasa-ƙasa, ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce ya ɗaga, ai ranar nan ba a sha wahalar jin sa ba. Ya ɗaga. Ya ce bai taɓa riƙe hannun matar gidan nan ba, bai taɓa yi mata magana ba kafin a zama dangi, ya ƙirƙira ne don abokansa su ga shi ma ya yi wani abu a samartakarsa. Ya nemi gafara. Tsohon ya ce, "Duk wagga ɓarna don waƙar da ba ka ko jin abin da take cewa?" Abdulgani ya ce, "Awo, Baffa." Malam Atiku bai yi faɗa ba. Ya ce ya ji, Allah Ya kiyaye gaba, ya tashi ya fita, aka ji tashin babur ɗinsa ya nufi hanyar Malisa.

Hajjo ta shiga ɗakin Inno ta durƙusa. Ta gaya mata ita ta haɗa wayar kafin lokaci, ita kuma ta ƙi cirewa tana iyawa. Inno ta saurare ta tana jan carbi.

"Ke da mijinki kun dace," in ji ta. "Tashi ki ba ni wuri."

Da Hajjo ta kai ƙofa Inno ta ƙara da cewa, "Ruƙayya ta dawo ɗakinta, ban hana ba. Amma rawa dai ta yi ta, da bakinta ta faɗa. Makaranta kau ta gama, in dai ina numfashi."

Haka aka yi. Ruƙayyatu ta dawo Gwandu kafin a yanke gero, ba ta koma aji ba. Malam Atiku ya gwada magana sau ɗaya, uwar ta yi kwana biyu ba ta ci abincin gidan ba, ya bari. Abdulgani bai sake samun kiran taro daga wajen Gwandu ba, in kuma dole ta kai shi garin, da hula a jaye har gira yake wucewa.

Bayan kaka aka yi suna a gidan ƙanen Malam Atiku, Hajjo ta je, don rashin zuwa ya fi zuwan muni. Ruƙayyatu ta amsa gaisuwarta ba yabo ba fallasa, ta ba ta tire na shinkafa ta tsince. Suna zaune kusa da ƙofa aka tashi daga makaranta, yara suka biyo ta lungun da jakunkunansu na buhu. Wasu 'yan mata suka leƙo, suka hango ta, suka haɗa baki: "Malama, ina wuni? Malama, yaushe za ki dawo?"

"Lahiya lau. Ku wuce gida, rana ta yi," in ji Ruƙayyatu. Ta kira ɗaya ta gyara mata ɗaurin ɗankwali, ta tambaye ta ko ta iya lissafin rabawa yanzu, yarinyar ta ce har yanzu tana ba ta wuya. Ta ce ta zo da littafinta ran Asabar.

Hajjo ta sunkuyar da kai a kan tiren, tana ture tsakuwa gefe ɗaya, ba ta ɗago ba har muryoyin yaran suka yi nisa.